Tambayi Bakanike: Fetur ko Gas, Wace A-kori-kura Ce Ta Fi Jan Tirela?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan jan kaya da a-kori-kura suke. Ban yi mamaki ba, kaka ta ƙarato, kowa na lissafin yadda zai kwashe amfanin gona. Na zaɓi huɗu. Duk inda na ce gas, man dizal nake nufi kamar yadda muke faɗa a gareji, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira gazuwal.

TAMBAYA: Salamu alaikum Oga. Ni manomi ne, ina noman shinkafa da masara. Na sa masu walda sun ƙera mini ƙaramar tirela mai taya huɗu, ina so in riƙa ɗaura ta a bayan mota ina kai taki gona, ina kai shanshera wurin casa, wani lokaci kuma masara Dawanau. Tana cin buhun taki 40. An nuna mini Hilux biyu, ɗaya mai fetur 2.7, ɗaya mai gas 2.8. Mai gas ta fi tsada sosai, kuma ƙanena ya ce gyaranta ciwon kai ne. Wacce zan ɗauka? Daga manomi a Kura, Jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a girbe lafiya. Kafin mu buɗe bonet, mu fara hawa sikeli. Buhun taki kilo 50 ne, buhu 40 ya tashi kilo 2,000. Tirela mai taya huɗu irin wadda ake ƙerawa a nan da ƙarfen kwana da faranti mai kauri, da wuya ta gaza kilo 700 ko 800 ita kaɗai. Ka ga kilo 2,800 ke nan a bayan mota. A ƙasashen da ake rubuta wa kowace mota iyakar abin da za ta ja, irin su Ostareliya, Hilux mai fetur 2.7 kilo 2,500 aka yanka mata. Mai gas 2.8 da ke ja da taya huɗu an ba ta tsakanin 3,200 da 3,500, gwargwadon shekara da irin giyarta. Duka biyun da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. In ba ta da shi, kilo 750 kawai aka yarda, ko wane irin inji ne a gaba. Tun a kan takarda ma kayanka sun fi ƙarfin mai fetur.

Yanzu bari in gaya maka dalili, don kada ka ɗauki maganata a kan amana kawai.

Masu sayar da mota sun fi son faɗin ƙarfin doki, amma mai jan kaya ƙarfin murɗa ya kamata ya tambaya. Ka san lokacin da notin taya ya ƙi kwancewa, yaro ya zura bututu a sifana ya ƙara mata tsawo, ya hau ya taka, notin ya yi ƙara ya saki? Irin wannan ƙarfin ne inji ke aika wa taya, ana auna shi da Nm. A ƙarfin doki motocin nan biyu kusan kunnen doki suke: mai fetur tana da wajen 164, mai gas ta shekarar 2015 tana da 177. A ƙarfin murɗa kuwa tazarar ba kaɗan ba ce. Injin fetur ɗin, wanda ake kira 2TR, yana ba da Nm 245, kuma sai ya kai juyi 4,000 a minti kafin ya ba da shi duka. Injin gas ɗin, 1GD, yana ba da Nm 450 a mai giyar otomatik tun daga juyi 1,600. Wanda aka sabunta a 2020 ya kai Nm 500.

Ga yadda wannan ke bayyana a gona. Ka loda buhu 40 a bakin kwalbati, ƙasa ta jiƙa da ruwan ban-ruwa, akwai ɗan tudu kafin a hau burji. Direban mai fetur dole ya taka totur inji ya yi kuka, sannan ya riƙe kuloci rabi-rabi yana lallaɓa shi. Kafin tirela ta motsa za ka ji wani wari kamar ana babbakar fata, wannan farantin kuloci ne ke ƙonewa. Ya yi haka sau goma, sau ashirin, sai ga shi a wurinmu an sauke giyabos. Direban mai gas ya sa giya ɗaya, ya ɗaga ƙafa a hankali, mota ta yi gurnani ta tashi da kayan kamar bijimin huɗa. Na canza kuloci a motocin fetur da ake jan kaya da su fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne.

Asalin bambancin yana cikin yadda ake ƙona man. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi. Iska yake matsewa a kan fistin har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa shi, dabarar da Rudolf Diesel ya tabbatar da ita a garin Augsburg na Jamus a 1897. Injin 1GD yana matse iska ninki 15 da ɗoriya, 2TR kuwa wajen ninki 10. Sannan ga tarbo, wadda hayaƙin salansa ke juya ta tana cusa ƙarin iska. Shi kansa man gas, lita ɗayansa ta fi litar fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Waɗannan ne suka haɗu suka sa mai gas ta fi ja kuma ta fi tsimin mai.

A nan zan ja kunnenka, domin na ga an cuci mutane da kalmar "ai gas ce". Akwai Hilux mai injin gas 3.0 da ake kira 5L, an shigo da su da yawa Afirka. Inji ne mai haƙuri da jure wahala, amma ba shi da tarbo, kuma ƙarfin murɗarsa bai kai Nm 200 ba. Wato mai fetur 2.7 ma ta fi shi. Idan aka kawo maka irinta aka ce za ta ja tan uku, ka ce a kai kasuwa. Ka sa a buɗe bonet ka karanta lambar inji da idonka.

Batun kuɗin mai kuma, lissafin ya canza a hannunmu. A 2022 litar gas ta haura naira 700 alhali fetur bai kai 200 ba saboda tallafi, lokacin duk mai hankali fetur yake gudu ya saya. Tun da aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023 tazarar ta matse ƙwarai. Ga yadda za ka yi lissafinka, ko nawa farashin ya kai ranar da kake karanta wannan. A abin da na saba gani da irin nauyinka, idan mai fetur ta sha lita 20 a kilomita 100, mai gas za ta sha wajen 14. Ke nan sai litar gas ta fi ta fetur tsada da wajen kashi 43 cikin 100 kafin su yi daidai a aljihu. Ƙasa da haka, mai gas ce ke maka ragi a kowace tafiya.

To, maganar ƙanenka fa? Gaskiya ya faɗa, kada ka raina ta. Injin gas na zamani yana fesa mai da matsin da ya haura bar 2,000, alhali tayar motarka bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka. Ramukan nozul ɗinsa, wato bakin da ke fesa man, kusan kaurin gashi ne. Ɗigon ruwa ko ƙura a cikin mai yana cinye su, kuma man da aka surka da kananzir ba shi da santsin da famfo ke buƙata. Kwanakin baya an jawo mini wata, mai ita ya sayi mai a jarka a bakin hanya saboda dare ya yi masa. Na kwance ƙasan filta na tara a kwalba, na ɗaga ta a rana na nuna masa: sama mai ne ruwan zuma, ƙasa kuwa ruwa ne kwance kamar kaurin yatsa biyu, da baƙin gari-gari a gindi. Nozul huɗu suka tafi. Kuɗin da ya kashe zai yi wa injin fetur garambawul gaba ɗaya ya bar canji. Injin 2TR kuwa kowane bakanike daga Ƙofar Ruwa har Panteka ya san shi ciki da waje, kayansa kuma ko a ƙaramar kasuwa ana samu.

Ga hukuncina. Idan jan buhu 40 aikinka ne na kowane mako, ka ɗauki mai gas 2.8, ba na shakka a kan wannan. Amma ka ɗauke ta da alkawari uku: mai daga gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, filtar gas ta asali a kan lokaci tare da tsiyaye ruwan ƙasanta duk sanda fitilar ta kama, da bakanike mai na'urar duba inji wanda ya saba da irinta. Ka kuma riƙa barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye bayan doguwar tafiya da kaya kafin ka kashe, don tarbo ta huce. Idan kuwa sau biyar ko shida ne a shekara, lokacin taki da lokacin girbi, mai fetur ta ishe ka. Ka rage lodin zuwa buhu 25 ko 30, ka yi sawu biyu, rarar kuɗin ka zuba a gona. Ko wacce ka saya, kada ka cika tirela sannan ka cika bayan motar ma, domin akwai iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, kuma ita motar kaɗai ta kai tan biyu. Sannan ka karanta amsar da ke biye, ta shafe ka kai tsaye.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ina ɗauko dankalin Turawa daga Mangu zuwa Abuja da Hilux mai gas, da tirela a baya. Hawa ba ya ba ni wahala, amma duk sanda na gangaro Hawan Kibo sai birki ya yi wari, ranar nan ma feda ta nutse har ƙasa, Allah ne ya kiyaye. An ce mini mai gas tana riƙe kanta a gangara. Me ya sa tawa ba ta yi? Daga direba a Mangu, Jihar Filato.

AMSA: Ƙanena, alhamdu lillahi da ka sauka lafiya. Ina roƙonka kada ka sake bin wannan hanya da tirelar nan sai ka yi abin da zan faɗa.

Wanda ya gaya maka mai gas tana riƙe kanta, manyan motoci ya gani. Su suna da birkin salansa, wani murfi da ke toshe hayaƙi ya sa inji ya turje, shi ne ƙarar da kake ji idan tirelar siminti na gangarowa. Ƙaramin injin gas da ba shi da wannan, riƙonsa a gangara bai kai na injin fetur mai girmansa ba, domin na fetur yana da maƙogwaro da ke rufewa idan ka ɗaga ƙafa, inji ya riƙa jan iska da ƙyar, wannan ya rage gudu. A hawa kam ka fi mai fetur morewa. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iskar can ba ta da kauri, injin da ba shi da tarbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, tarbo kuwa tana cike mafi yawan giɓin. Shi ya sa hawa bai dame ka ba. Gangara wani zance ne daban.

Abin da ya faru da kai, man birki ne ya tafasa. Sabon man birki mai lamba DOT 3 sai zafi ya haura digiri 200 yake tafasa, amma yana tsotsar danshi daga iska, idan ya tsufa yana iya tafasa a digiri 140. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai feda ta tafi ƙasa ba ta kama komai ba. Birkin motarka an yi shi ne don ita da kayan bayanta, kai kuma ka ƙara masa tan biyu ko uku da ke turo shi daga baya.

Shekarun baya na je ɗauko wata a-kori-kura a gindin wani gangare. Tirelar da take ja ta turo ta, ta naɗe ta gefe kamar wuƙar aski. Da na duƙa ƙarƙashi sai na ga ƙugiyar jan a jikin bamba aka yi mata walda, ƙarfen ya yage kamar kwali, babu ko sarƙar tsaro. Buhuna sun watse har cikin kwari, yaron motar yana zaune a kan dutse riƙe da kafaɗa yana rawar jiki. Har yau idan na ga tirela ba birki a hanya sai gabana ya faɗi.

Saboda haka, a sa wa tirelar birki. Mafi sauƙi a wurinmu shi ne irin wanda ke jikin sandar jan, wanda da zarar tirela ta turo mota sai ya matse ya kama tayoyinta da kansa. Ƙugiya a ɗaure ta da kusoshi a jikin shasi, da sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashi. A zubar da man birki a sa sabo, DOT 4 in littafin motar ya yarda, kuma a riƙa canza shi duk shekara biyu. Wurin lodi, ka sa kayan su ɗan fi yawa a gaban tayoyin tirela, yadda kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinta zai sauka a kan ƙugiya. Idan nauyi ya koma baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya, kuma in ta fara kada ka danna birki da ƙarfi, ka ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari sak har ta lafa.

Kafin ka fara gangarowa, tun a saman tudu, ka sa giyar da za ka hau wurin da ita, biyu ko ma ɗaya. Birki kuma a taka a saki, a taka a saki, kada a kwantar da ƙafa a kansa. Masu kashe inji ko sa firi don tsimin mai a Hawan Kibo, da ransu da na mutane suke wasa.

TAMBAYA: Ina ganin manyan a-kori-kura na Amurka a YouTube, Ford da Ram, suna jan tireloli kamar gida. Ina da wurin kiwo, ina so in sa a kawo mini ɗaya mai gas ta Kwatano don kai shanu kasuwar Wudil. Ya ka gani? Daga mai kiwo a Gaya, Jihar Kano.

AMSA: Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne. Injin Cummins 6.7 da ke cikin Ram ya haura Nm 1,400, na Ford 6.7 mafi ƙarfi na 2023 ya haura Nm 1,600, fiye da ninki uku na Hilux. Mafi girmansu an yarda ta ja har tan 18, amma da ƙugiyar da ke tsakiyar bodi a saman tayoyin baya, a kan titunan da aka yi don haka. Su kansu Amurkawa suna wannan muhawara ta fetur da gas, domin zaɓen injin gas yana ƙara wa sabuwar mota wajen dala 10,000, shi ya sa Ford ta fito da babban injin fetur 7.3 a 2020 don masu jan kaya jefi-jefi.

Damuwata ita ce mai. Tun 2006 Amurka ta koma man gas da sinadarin sulfur ɗinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, aka gina motocin a kan haka. Daga 2007 aka sa musu matatar toka a salansa, daga baya aka ƙara tankin wani ruwa mai yuriya da ake fesa wa hayaƙi. Idan matatar ta toshe ko ruwan ya ƙare, kwamfutar motar da kanta take rage mata gudu. ECOWAS ta amince da kashi 50 cikin miliyan a 2020, matatar Dangote kuma ta fara fitar da gas a farkon 2024, abubuwa suna gyaruwa. Amma abin da ke cikin tankin gidan mai na ƙauye, da wanda ya bi ta durom da jarka, ba wanda zai ba ka tabbacinsa. Ƙari a kan haka, ƙaramin sensa ya lalace sai ka jira shi daga Legas ko daga waje, mota na zaune.

Bijimi biyar masu kilo 400 tan biyu ne, da tirelarsu tan uku. Wannan Hilux mai gas za ta yi shi. In ranka na son ta Amurka, Tundra mai fetur 5.7 tana da Nm 540 da ɗoriya, tana jan tan huɗu da rabi, kuma akwai masu gyaranta a Kano, sai dai ka shirya wa shan manta. In shanun sun kai goma zuwa sama, ka bar zancen a-kori-kura ka nemi Canter.

TAMBAYA: Muna da tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura mai gazuwal, muna jan tankin ruwa na lita 2,000 da ita zuwa rugage. Yarana sun ce in sayar in sayi sabuwar mota mai kwamfuta. Daga dattijo a Damagaram, Jamhuriyar Nijar.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka da alherin wannan aiki. In injin 1HZ ne mai silinda shida, 4.2, wanda Toyota ke yi tun 1990, shawarata ka riƙe abarka. Nm 285 yake bayarwa, sabbin sun fi shi a takarda, ba ya kuma sauri. Amma famfonsa na ƙarfe ne zalla ba ruwansa da kwamfuta, yana haƙuri da man da zai kwantar da sabon inji, kuma daga Damagaram har Agadas akwai wanda zai gyara shi a gindin bishiya. Ga rairayi da giyar taimako, aikin da aka yi shi dominsa ke nan.

Lita 2,000 na ruwa kilo 2,000 ne cif, ban da tanki da tirela, don haka ita ma tana son birki. Ka riƙa cika tankin fal ko ka tafi da shi wayam, domin rabin tanki ruwan kai-kawo yake yi yana jijjiga mota, sai fa in an yi masa shamaki a ciki. A wanke lagireto kafin bazara, a busa filtar iska kullum a lokacin ƙura, bel ɗin taimin kuma a canza shi a kan ƙa'idar kilomitarsa, kada a jira ya tsinke a daji.